Darasi na Tara: Sauyin Yanayi, Makarantun 'Ya'yanmu da Alkawuran 'Yan Siyasa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana abin da ke jawo sauyin yanayi da yadda yake taɓa karatun yara;
2. faɗin abin da dokar Najeriya ta tanada game da koyar da shi a makarantu;
3. sanin hukumar da ke riƙe da kowane aiki a makarantun Bwari;
4. bambance goyon baya na gaskiya da na fatar baki;
5. rubuta takardar buƙata zuwa ga shugabanni.

Gabatarwa

Daga Fabrairu zuwa Afrilu rana ba ta wasa a Bwari. Kafin a fita tara kwanon aji ya ɗau zafi, yara sun fara fifita da littattafansu, malami na ta maimaita abu ɗaya ga ɗaliban da hankalinsu ya koma kan ruwan sha. Da ruwa ya sauka sai matsalar ta sake kama: iskar farkon damina ta yaye kwano, rafi ya cika ya tare yaran ƙetare, zaizaya ta ci filin makaranta. Iyaye kan ce ikon Allah ne, kuma gaskiya ne. Amma rufin aji, da bishiyar da ke tsakar makaranta, da abin da ke cikin littafin da ake koya wa yaro, duk mutane ne ke yanke shawara a kansu, kuma da yawa daga cikinsu ƙuri'armu ce ta kai su kujera. Darasin nan zai nuna mana su wane ne, me suka sa wa hannu, da yadda ake gane wanda ya cika alkawari.

Bwari da abin da ya sauya a cikinta

Bwari ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Sauran su ne AMAC mai riƙe da tsakiyar birni, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji. An kafa ta a 1996, kuma tana da mazaɓun kansila goma: Bwari ta Tsakiya, Kuduru, Igu, Shere, Kawu, Ushafa, Dutsen Alhaji, Byazhin, Kubwa da Usuma. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, ƙasar doya da dawa da masara, ga ginin tukwane da Ushafa ta yi suna a kai, har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a 2000.

Tun da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas a Disamban 1991 jama'a suke kwarara. Wanda kuɗin hayar cikin birni ya fi ƙarfinsa sai ya nufi Kubwa ko Dutse ko garin Bwari. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a ƙaramar hukumar, kuma duk wanda ya daɗe a nan zai iya nuna maka unguwar da ya sani tana gona. An yanka gonaki filoti-filoti, an sare kaɗanya da ɗorawa an yi gawayi, an fasa duwatsu don gini, an yi gidaje har bakin rafi.

Abu biyu ne suka sa zancen sauyin yanayi da karatu ya fi shafar Bwari. Na farko, ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake fitowa, wadda ake ƙara wa ruwa daga madatsar Gurara ta jihar Kaduna. Itatuwan da ke kan tuddan da suka kewaye Usuma su ke riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta ya cike madatsar da laka. Na biyu, hedikwatar JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, a garin Bwari take. Abin da aka tambaya a wannan jarrabawa yana juya abin da ake koyarwa a azuzuwan ƙasar nan baki ɗaya.

Mene ne sauyin yanayi?

Hasken rana yana sauka ya ɗumama ƙasa, ƙasa kuma ta mayar da zafin sama. A sararin sama akwai wasu nau'o'in iska da ke tare wani ɓangare na zafin, kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jiki. Ba don su ba da duniya ta yi sanyin da rayuwa za ta gagara. Matsalar ita ce sun yi yawa. Babba a cikinsu ita ce iskar kabon, wadda ke fita idan aka ƙona kwal, fetur, dizal, gas ko itace. Kafin zamanin manyan masana'antu yawanta kimanin kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420. Bishiya tana shan wannan iska ta adana a jikinta, don haka ƙona daji asara biyu ce: an saki wadda aka adana, an kuma kashe mai shan ta gaba.

Hukumar kula da yanayi ta duniya ta bayyana cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kimanin digiri ɗaya da rabi a kan zafin kafin masana'antu. A ji kamar ba komai ba ne. Sai dai iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, duk digiri ɗaya yana ƙara mata kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ruwa yakan zubo kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan, sannan ya ɗauke kwana da kwanaki shuka na yaushi.

Abin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa na wannan iska bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, amma tana cikin masu shan wuya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba kimanin miliyan 1.4 da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. A Mayun 2025 aka yi ambaliyar Mokwa, a jihar Neja maƙwabciyarmu.

Duk da haka kada mu ɗora wa sauyin yanayi laifin komai. Ruwa mai ƙarfi daga sama yake, amma kwatar da aka cika da leda da gidan da aka gina a hanyar ruwa aikin hannunmu ne. Ilimin da ake so yara su samu shi ne wanda ya haɗa biyun: abin da ya fi ƙarfin unguwa, da abin da unguwa za ta iya gyarawa.

Me ya haɗa shi da makaranta?

A 2021 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya auna haɗarin da yara ke ciki saboda sauyin yanayi a ƙasashe 163. Najeriya da Chadi suka zo na biyu, bayan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Asusun ya kuma gano cewa a 2024 kaɗai zafi da ambaliya da guguwa sun katse karatun ɗalibai aƙalla miliyan 242 a ƙasashe 85. A Maris na shekarar Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta saboda tsananin zafi.

Makaranta na cikin masu cutuwa, tana kuma cikin masu magani. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen lokacin saukar damina da ɗaukewarta, har da fassarar Hausa. Yaron da aka koya wa karanta shi zai iya gaya wa mahaifinsa manomi a Kawu ko Igu cewa ruwan farko na iya zama na yaudara, a dakata da shuka. Yarinyar da ta san haɗarin hayaƙin leda za ta hana a hura murhu da ita. Abin da aka koya a aji da safe yana isa gida kafin la'asar.

Abin da aka sa wa hannu

Zancen koyar da sauyin yanayi ba sabo ba ne. Yarjejeniyar sauyin yanayi da ƙasashe suka ƙulla a birnin Riyo na Burazil a 1992 ta tanadi ilimantarwa da wayar da kai a sashenta na 6. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta maimaita a sashe na 12. Najeriya tana cikin duka biyun. Amma da hukumar UNESCO ta binciki tsarin manhajar ƙasashe 100 a 2021, sai ta ga kashi 47 cikin ɗari ko ambaton sauyin yanayi ba su yi ba. A Satumban 2022 aka ƙaddamar da wani haɗin gwiwa ƙarƙashinta mai ginshiƙi huɗu: gyara makarantu, gyara manhaja, horar da malamai, da jawo al'umma. Burin shi ne kafin 2030 rabin makarantun duniya su zama masu kula da muhalli. Italiya ta riga ta nuna yadda ake sa adadi a kan alkawari: tun 2020 ta wajabta sa'a 33 a shekara na darasin zama ɗan ƙasa nagari, wanda ya ƙunshi muhalli da yanayi.

A gida, sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, wato ruwa da iska da ƙasa da daji. A Nuwamban 2021, jim kaɗan bayan taron yanayi na Gilasgo inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alkawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Ɗan majalisar wakilai Sam Onuigbo daga jihar Abiya ne ya gabatar da ƙudurin. Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi, wadda shugaban ƙasa ke jagoranta, ta kuma kafa asusu na musamman. Sashenta na 26 ya ce sakatariyar majalisar ta ba hukumomin da ke tsara manhaja shawara kan shigar da sauyin yanayi cikin darussa a duk matakan ilimi.

Wannan ci gaba ne. Sai dai sashen bai ware wa kowace makaranta ko sisi ba, bai kuma faɗi wanda zai horar da malami ko ya gyara rufi ba. Waɗannan suna hannun wasu ofisoshi dabam.

Wa ke riƙe da me?

Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokokin jiha. Shugaban ƙasa ke naɗa minista, Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ita ke yi masa doka da amincewa da kasafinsa. Ga yadda aikin ya rabu:

Manhaja. Hukumar NERDC ce ke tsara ta, kuma hedikwatarta na Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali. A sabuwar manhajar da ma'aikatar ilimi ta sanar a 2025, cikin sana'o'in da ɗalibi zai zaɓa akwai haɗa sola da gyaranta, da noman lambu, da kiwo.

Jarrabawa. JAMB da WAEC da NECO. Malami da ɗalibi duka sun fi mayar da hankali kan abin da zai fito a jarrabawa. Darasin da ba a tambaya a kansa shi ake fara tsallakewa idan zango ya ƙure.

Gine-gine da kayan aiki. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Jiha, ko Birnin Tarayya, ba ta karɓar tallafin gini sai ta ajiye nata kaso daidai da shi. An sha samun biliyoyin naira zaune a asusun saboda wasu jihohi ba su kawo nasu ba. A Abuja hukumar ilimin bai ɗaya ta Birnin Tarayya ce ke wannan aiki, ƙarƙashin sakatariyar ilimi.

Firamare da malamanta. Tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare da na manya, har da irin wannan aji namu. Ya kuma ba su aikin magudanan ruwa, kwashe shara, da wuraren shaƙatawa. A Bwari ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ne ke kula da firamare. Shugaba da kansiloli goma mu muke zaɓensu, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ke gudanar da zaɓen, saɓanin jihohi.

Wakilai. Birnin Tarayya yana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Ɗaya daga cikinsu na wakiltar AMAC da Bwari. Suna da ta cewa a kasafi da ayyukan mazaɓu.

Cikin makaranta. Hedimasta, da ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin kula da makaranta wanda ya haɗa da iyaye, mai unguwa, mata da malaman addini.

Abin da ya faru a 2025 ya nuna inda gizo ke saƙa. Malaman firamare na ƙananan hukumomin nan shida, har da Bwari, sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Yuli kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin haƙƙoƙinsu. Yara suka zauna a gida fiye da wata uku. Ba a koma aji ba sai da aka amince a ciri wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a biya. Manhaja ko ta kai yaya kyau, malami ne ke kai ta aji. Wanda ya ce yana goyon bayan koyar da sauyin yanayi amma bai damu da albashin malami da horonsa ba, maganarsa ba ta da ƙafa.

Yaya makaranta mai kula da muhalli take?

Ba fenti ba ne, ba allon sanarwa ba ne. Ana gane ta da abubuwa kamar haka:

Inuwa. Itatuwa a gabas da yammacin azuzuwa, inda rana ta fi duka, amma nesa kaɗan da bango kada saiwa ta fasa gini. Dogon yaro da maɗaci na ba da inuwa mai kauri. Mangwaro da kashu da gwaiba na ƙarawa da 'ya'ya. Zogale na saurin girma.

Aji mai shan iska. Silin a ƙarƙashin kwano, tagogi masu fuskantar juna, da rufin da aka ɗaure sosai kafin iskar Afrilu.

Ruwa. Indararo da tanki don tarar ruwan sama. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan rufi mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da lita ɗaya. Abuja kuwa na samun fiye da milimita 1,000 a shekara.

Shara. A ware leda da roba daga ganye da ragowar abinci. Na biyun ya zama taki, na farkon a tara wa masu saye. A daina ƙonawa a bayan aji.

Lambu. Ko da kunya biyar ce ta alayyafo da kuɓewa, ta isa a koyi lissafi da kimiyya a kanta.

Shirin gaggawa. Kowa ya san wace hanya ruwa ke tarewa, ina za a tara yara, wa za a kira.

Sola da rijiyar burtsatse da sabon rufi sai gwamnati. Shinge, ban ruwa, ware shara da lambu, iyaye da malamai na iya farawa a wannan zango.

Darasi daga Maraɗi

Kowace damina ana bikin dashen itatuwa a ƙasar nan. Manya su zo da jerin motoci, a dasa, a ɗauki hoto, a watse. A koma wajen a watan Maris a ƙirga abin da ya rage. Awaki sun ci wasu, rani ya kashe wasu a hutun Disamba da babu mai ba su ruwa.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashe, akasarin shuke-shuken suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka fara barin tofo ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Wannan shi ne sassaben zamani. Cikin shekara ashirin da ɗoriya ya bazu a kadada kimanin miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, gawo na cikin manyansu. Abin da ya ƙarfafa shi shi ne yadda hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, zai amfana da ita.

Abu biyu za mu ɗauka. Bishiya na rayuwa ne idan tana da mai ita: a makaranta kowane aji ya sami nasa itatuwa, a san wanda zai ba su ruwa a lokacin hutu. Sannan taimakon hukuma mafi amfani ba kullum ne mai tsada ba. Wani lokaci tsari ne kawai da ke ba mutane ƙarfin gwiwa.

Ma'aunin goyon baya

Gani ya kori ji. Duk ɗan takara ko mai riƙe da muƙami, daga kowace jam'iyya, da ya ce yana tare da mu, a yi masa tambaya huɗu:

1. Yana rubuce? A wace takarda, a kasafin wace shekara?
2. Nawa aka ware, kuma nawa aka saki? Ware kuɗi daban, sakinsu daban.
3. Wa zai kula da aikin bayan biki?
4. Yaushe za mu dawo mu ƙirga tare?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, kuma ta ba ofishin kwana bakwai ya amsa. Ba sai kai lauya ne ba. A tafi cikin ƙungiya, cikin ladabi, a ajiye kwafin takardar da aka buga wa hatimin karɓa.

Tattaunawa

Mutum biyu su fito su karanta wannan a gaban aji.

Uwa: Honarabul, barka da hutawa. Ya aiki?

Kansila: Alhamdu lillahi, Hajiya. Ya yara? Ai kin ga mun dasa muku itatuwa a makaranta bara.

Uwa: Mun gani, ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. Sai dai mun zaga da hedimasta, yawancinsu sun bushe. Ba shinge, ba ruwa.

Kansila: To, Hajiya, gwamnati ba za ta yi komai da komai ba.

Uwa: Haka ne. Shi ya sa mu iyaye muka ɗauki shinge da ban ruwa, mun raba wa kowane aji nasa. Abin da ya fi ƙarfinmu tanki ne da indararo, da silin na aji biyu. Ga shi a rubuce.

Kansila: Zan duba, in sha Allahu.

Uwa: Allah ya yarda. Yaushe majalisarku za ta zauna kan kasafin baɗi, mu zo mu ji ko ya shiga?

Samfurin takardar buƙata

Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Bwari,
ta hannun Sakataren Ilimi.

Neman tankin ruwa da silin

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara da 'yan kwamitin makarantar firamare ta ………… muna sanar da kai cewa azuzuwa ………… ba su da silin, kuma makarantar ba ta da wurin ajiye ruwa. Mun dasa itatuwa ………… mun yi musu shinge da kuɗinmu. Muna roƙon a sa tanki ………… da silin cikin kasafin shekarar ………… Za mu so a sanar da mu a rubuce matakin da aka ɗauka.

Mun gode.
Sa hannun shugaba da sakataren kwamiti, da kwanan wata.

Taƙaitawa

Sauyin yanayi na katse karatu ta hanyar zafi, iska da ambaliya, kuma ɓarnar muhalli ta cikin gida na ƙara masa ƙarfi. Najeriya ta shiga yarjejeniyoyin 1992 da 2015, ta kuma yi doka a 2021 wadda ta tanadi shigar da shi cikin manhaja. Tsakanin doka da aji akwai masu tsara manhaja, masu jarrabawa, masu gini, masu biyan malamai da kwamitin makaranta. Goyon bayan gaskiya shi ne wanda aka rubuta, aka saki kuɗinsa, aka naɗa mai kula da shi, aka kuma yarda a ƙirga sakamakonsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙona daji yake asara biyu?
2. Kawo abu biyu da sauyin yanayi ke jawowa, da abu biyu da mutanen unguwa ke jawowa da kansu.
3. Me sashe na 26 na Dokar Sauyin Yanayi ya tanada, kuma me bai tanada ba?
4. Wace hukuma ce ke tsara manhaja, kuma ina hedikwatarta?
5. Me yajin aikin 2025 ya koya mana game da alkawuran ilimi?
6. Me ya sa sassaben zamani ya yi nasara inda dashe ya gaza?

Lissafi

1. Rufin wani aji murabba'in mita 100 ne. An yi ruwa milimita 20 a dare ɗaya. Lita nawa za a tara? Jarka nawa ke nan mai cin lita 25?
2. A ce an dasa itatuwa 60 a watan Yuni, a watan Maris aka tarar 15 ne da rai. Kashi nawa cikin ɗari suka rayu?

Aikin gida

Ku rabu uku-uku ku ziyarci makarantar gwamnati mafi kusa da ku, bayan neman izinin hedimasta. Ku ƙirga itatuwa masu rai, da azuzuwan da ke da silin, da wuraren samun ruwa, ku duba yadda ake yi da shara. Ku tambayi ranar da kwamitin makaranta ya yi zamansa na ƙarshe. Ku rubuta sunan mazaɓarku da ofishin da ya kamata a kai wa kowace matsala da kuka gani. Ku zo da abin da kuka samu mako mai zuwa, da shi za mu cike takardar buƙata a aji.